Leza a wankin jijiyar haƙori: haɗarin da talla ba ta faɗa

Duk mai bin Facebook da TikTok a 'yan shekarun nan ya ci karo da tallan asibitocin haƙori masu alfahari da na'urar leza. Wasu na nan gida ne a Akara da Kumasi, wasu kuma na Istanbul ne da Alƙahira da Dubai, inda 'yan kasuwarmu na zango kan haɗa sayen kaya da neman magani. Saƙon ɗaya ne: wai da leza ba zafi, ba ɓata lokaci, kuma ƙwayar cuta ba ta tsira. To, kafin mutum ya zube kuɗinsa, ya kamata ya san aikin da na'urar take yi, da kuma inda take iya cutarwa.

Idan ruɓa ta ci haƙori har ta kai jijiya, zaɓi biyu ne: a cire shi, ko a cire jijiyar da ta lalace, a wanke ramukan da ke cikin saiwa, a toshe su. Ramukan nan sirara ne, suna da lanƙwasa da rassa, ƙarfen likita ba ya kai wa ko'ina. Shi ya sa ake dogara da ruwan magani mai suna sodiyam haifokulorait, wato sinadarin da ke cikin bilic ɗin wanki, wanda muke kira Parazone ko Javel. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana narkar da ragowar nama. A al'ada da sirinji ake zuba shi.

Nan ne leza ta shigo. Nau'in da aka fi amfani da shi, Er:YAG, ruwa yana shanye haskensa nan take, sai kumfa ta taso ta kumbura ta fashe. A tsarin PIPS na kamfanin Fotona da ke Sulobeniya, ana yin wannan bugun sau 15 a daƙiƙa ɗaya, ruwan ya riƙa tunkuɗa kansa cikin lunguna. Ke nan ba leza ce ke yin wankin ba, bilic ne. Ita dai tura shi take yi da ƙarfi.

Babban haɗarin ma daga nan yake. Kowace saiwa tana da 'yar ƙofa a ƙarshenta, bayanta kuma ƙashi ne da nama mai rai. Maganin da ke narkar da mataccen nama ba ya bambance shi da mai rai. In ya tsallake ƙofar nan, mutum zai ji zafi mai tsanani ko da an yi masa allurar kashe zafi, fuska ta kumbura cikin mintuna, jini ya taru a ƙarƙashin fata. A haƙoran sama na baya yana iya shiga kogon da ke gefen hanci, a na ƙasa kuma ya taɓa jijiyar da ke kai ji ga leɓe, wurin ya yi makonni ko watanni a mace. Gaskiya abin ba ya yawan faruwa, kuma da sirinji ma yana faruwa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan haƙoran da aka cire sun saɓa wa juna: wasu sun ga leza ta fi fitar da ruwan, wasu ba su ga bambanci ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, in ƙofar saiwa a buɗe take, haɗarin ya ƙaru. Haka take ga yaran da saiwarsu ba ta gama rufewa ba, da haƙorin da ciwo ya cinye ƙarshensa, da wanda aka huda bisa kuskure.

Sai batun zafi. Tun 1983 masu bincike a Suwidin, Eriksson da Albrektsson, suka nuna cewa ƙashi yana lalacewa in zafinsa ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, wato ƙarin digiri 10 kacal a kan zafin jiki. Lezar da ake zura bakinta cikin saiwa ta fi kawo wannan matsala, musamman in ramin ya bushe ko an ƙara mata ƙarfi. Ga kuma ido: waɗannan na'urori suna aji na 4, mafi haɗari, dole likita da mataimakinsa da majinyaci su sa tabarau na musamman da ya dace da irin hasken. Ruwan yana fantsama, don haka dole a killace haƙorin da shimfiɗar roba. In kuma aka bar iskar na'urar a kunne, tana iya kutsawa ƙarƙashin fata.

To, ribar fa? A ɗakin gwaji leza tana fitar da datti sosai. Amma abin da ya dami majinyaci shi ne ko haƙorin zai warke ya daɗe. A 2023 ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta Turai, ESE, ta fitar da ƙa'idojinta, inda ta ba da shawarar a tsaya ga bilic da sirinji, domin ba ta ga isasshiyar hujjar cewa ƙarin dabaru irin su leza suna inganta warkewa ba. Wato za ka biya ƙarin kuɗi a kan ribar da ba a tabbatar ba.

Wannan ba ya nufin a guji duk asibitin da ke da leza. Ƙwararren da ya auna saiwa ya san inda zai tsaya. Amma ka tambaya: an ɗauki hoton haƙorin? Ƙofar saiwar a rufe take? Likitan yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana, ko takwararta ta ƙasar da kake? Wane horo ya samu a kan na'urar? Mai yin aikin a ƙasar waje ya karɓi hotuna da takardar abin da aka yi masa, kada kuma ya hau jirgi washegari, don wanda ya yi aikin ba zai biyo shi Nima ko Aboabo ba.

In kuwa bayan aikin fuska ta kumbura da sauri, ko kumburin ya gangaro wuya, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, kada a tsaya gasawa da ruwan zafi a gida. A wuce sashen gaggawa na babban asibiti, irin Korle Bu ko Komfo Anokye, a faɗa musu cewa an wanke jijiyar haƙori da bilic.