Daɗin Fim Ba Ya Rufe Ɓarakarsa

'Yan'uwa ɗalibai, ni ban yarda da masu cewa in fim ya yi daɗi a bar tambaya ba. Ku dubi Sholay na 1975. Ƙauyen Ramgarh ba lantarki, sai fitilu, amma ga ƙaton tankin ruwa can sama wanda Dharmendra ya hau. Manomin fadamar Kebbe zai ce, ina injin da ke tura ruwan? A Amar Akbar Anthony na 1977 kuwa, 'ya'ya uku suka ba uwarsu jini lokaci guda, jinin ya hau sama ya taru a kwalba ɗaya. Wace unguwarzoma a Tambuwal za ta yarda? Finafinan Indiya ne makarantar masu fim na Kano. In muka yi shiru, waƙar da ɓarakar duka za su kwaso mana.