Mai Tsawa Da Mai Daɗin Baki: Nasiha Ga Masu Amsa Wayar Kamfani

Akwai wata sana'a da iyayenmu ba su san ta ba, wadda a yau matasanmu da yawa suke ci da kansu da ita a Kano da Kaduna da Legas. Ita ce zama a bakin waya a sashen ciniki na kamfani, ana amsa kiran diloli da 'yan sari da sauran masu saye: wannan yana tambayar farashi, wancan yana cigiyar motarsa da ta kwana uku ba a yi mata lodi ba, wani kuma ya biya kuɗi amma shiru babu rasit. Tun shekarar 2001 da wayar salula ta bazu a Nijeriya wannan aiki yake ta bunƙasa. Idan ka zauna da masu yin sa, kukansu ɗaya ne, wato masu tsawa da zagi. Mu kuwa muna ganin sun tsare ƙofar da ɓarawo ba ta nan yake shigowa ba.

Mu fara da mai tsawar. Galibi shi ƙaramin ɗan kasuwa ne wanda ya tattara ɗan jarinsa, wataƙila har da na mutane, ya zuba a asusun kamfani, sannan ya zauna yana kallon shagonsa babu kaya, direban da ya ɗauko haya kuma yana lissafa masa kuɗin kwana. Irin wannan mutum haƙƙinsa yake nema, ko da kuwa bai iya nema ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo biyar bashin raƙumi wurin Manzon Allah (SAW), ya kausasa harshe har Sahabbai suka yunƙura za su far masa, sai Annabi ya hana su, domin mai haƙƙi yana da ikon magana, kuma ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. To, ina ga ma'aikacin da aka ɗauka takanas don ya saurara, kuma ake biyansa albashi a kan hakan?

Abin da ke kashe wutar mai tsawa shi ne gaskiya. Ka bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, ka karɓi lambar odarsa, ka gaya masa inda maganarsa ta tsaya da ranar da za ka sake kiransa, kuma ka kira shi a ranar ko da labarin ba mai daɗi ba ne. Amma abin takaici, da yawa sun mayar da ƙarya makamin aiki: oga yana taro, na'ura ce ta tsaya, gobe da yardar Allah za a yi maka lodi, alhali kuwa mai faɗa ya san ko jibi ba za a yi ba. Ya rabu da mutum na yini ɗaya, ya sayi fushin mako guda, ya kuma haɗa da saɓa alkawari da sunan Allah. Idan kuwa kira ya kai ga zagin iyaye, babu laifi ka gargaɗe shi sau ɗaya, in ya ƙi ka kashe waya cikin ladabi, ka rubuta abin da ya faru ka miƙa wa na gaba da kai. Haƙuri daban, wulaƙanta kai daban.

Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne mai daɗin baki. Shi ba ya ɗaga murya. Yana gaishe ka da iyali, ya san ranar sunan ɗanka, da azumi ya aiko da buhun shinkafa, da salla ya turo "na goro". Ba ya neman komai, sai dai ranar da kaya suka yi wuya ka ɗan matso da sunansa gaba, ko ka raɗa masa cewa farashi zai tashi ranar Litinin, ko ka kau da kai idan ya shigo da oda biyar da sunayen shaguna biyar waɗanda duk nasa ne. Kowace mota da ta tsallake layi, ta wani ce aka danne, kuma wanda aka danne ɗin shi ne mai tsawar da kake ƙorafi a kansa. Hukuncin wannan kyauta sananne ne tun daga labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu da sunan kyautarsa, har Annabi (SAW) ya hau mumbari ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, da babu wanda zai kawo masa. Ɗan'uwa, ka tambayi kanka: ranar da aka sauya maka tebur, shinkafar nan za ta bi ka?

Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu ne. A watan Oktoba na 2023 kamfanin BUA ya sanar da cewa ya mayar da buhun siminti naira 3,500 a bakin masana'anta. A shekarar 2024 shugaban kamfanin, Abdussamad Rabi'u, ya bayyana cewa sun sayar da fiye da tan miliyan ɗaya a kan wannan farashi, amma diloli suka riƙa sayar da buhu naira 7,000 zuwa 8,000, ga kuma faɗuwar darajar naira, sai aka janye rangwamen. Talakan da ke son rufe ɗakinsa kafin damina bai ga sauƙin ba. A duk lokacin da tazara ta kai haka tsakanin farashin kamfani da na kasuwa, gurbi a layi ya zama dukiya, kuma mai riƙe da jerin sunaye ya zama abin farauta.

Ba muna cewa sari haramun ne ba. Ba don ɗan sari ba, da sukari da gishiri ba su isa ƙauye ba, kuma ribarsa halal ce matuƙar ya saya, ya ɗauka, ya sayar. Matsalar tana ga wanda ke ɓoye kaya yana jiran tsada, da wanda ba ya taɓa ganin kayan ma, sai dai ya karɓi takardar izinin ɗauka ya sayar da ita a bakin ƙofa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Marwanu ɗan Hakam an raba wa mutane takardun karɓar abinci, suka riƙa cinikinsu tun kafin su karɓi abincin, sai Zaidu ɗan Sabit da wani Sahabi suka yi inkari, Marwanu ya aika dogarai suka bi takardun suna mayar wa masu su. A mazhabar Malikiyya hanin ya shafi abinci ne, Shafi'iyya kuwa sun faɗaɗa shi ga sauran kaya. Saboda haka mai aiki a kamfanin shinkafa ko fulawa ko sukari ya san a kan me yake sa hannu.

Su ma masu kamfanoni da nasu kason. Zalunci ne a ajiye yaro a bakin waya ya sha zagin jinkirin da ba shi ya jawo ba, ba a ba shi ikon warware komai ba, sannan a auna ƙwazonsa da yawan tirelolin da ya fitar kawai, domin wannan ma'auni da kansa yake tura shi hannun manyan diloli. A bayyana jerin lodi yadda kowane mai saye zai ga lambarsa, a sanar da sauyin farashi ga kowa a sa'a ɗaya, a ƙayyade abin da mutum ɗaya zai ɗauka lokacin ƙarancin kaya, kuma duk kyautar da ta shigo ofis a rubuta ta a littafi da sunan wanda ya aiko.