An Samu Asibitin Tarayya A Kafanchan, Saura A Waiwayi Mai Jego

Tun lokacin da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Kafanchan a cikin shekarar 2025, jama'ar Kudancin Kaduna suke ta murna, kuma sun yi gaskiya, domin an daɗe ana wannan roƙo. Sanata Sunday Marshall Katung shi ne ya gabatar da batun a Majalisar Dattawa, ita kuwa Gwamnatin Jihar Kaduna ta yarda a yi amfani da babban asibitin garin, watau wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ya zama mazaunin cibiyar. Fatan kowa shi ne ciwon da a da sai an ɗauki mai shi an nufi Jos ko Kaduna ko Shika, nan gaba a yi maganinsa a gida.

To, amma akwai wata majinyaciya guda wadda samun babban asibiti kaɗai ba zai fisshe ta ba, saboda sau da yawa ita kanta ba ta san tana cikin haɗari ba, balle danginta. Wannan kuwa ita ce mai jego. Da zarar an ji kukan jariri, aka ce an sauka lafiya, sai 'yan barka su cika gida, hankalin kowa ya koma kan yaro da hidimar suna. Uwa kuwa an ɗauka ta riga ta ƙetare.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a cikin shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka yi irin wannan mutuwa a duniya a wannan shekara. Abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba shi ne, mafi yawan waɗannan mata ba a kan gwiwa suke cikawa ba, sai bayan an haihu. Masana sun daɗe da gano cewa a cikin matan da ke mutuwa bayan haihuwa, kusan rabi a yinin farko ne, kana wajen kashi biyu cikin uku ba su kai ranar suna ba. Zubar jini ita ce kan gaba, sai jijjiga wadda hawan jini ke kawowa, sai kuma zazzaɓin da ke biyo bayan shigar ƙwayar cuta cikin mahaifa.

Saboda haka ne Hukumar ta tsara, tun a shekarar 2013, ta kuma sake jaddadawa a 2022, cewa kowace mace da ta haihu a duba ta sau huɗu, ita da jaririnta: a cikin sa'o'i 24 na farko, da kwana na biyu zuwa na uku, da tsakanin kwana 7 da 14, da kuma cikar mako shida. Ta ce kada a sallami wadda ta haihu a asibiti sai ta cika sa'o'i 24 ana lura da ita. Amma binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna cewa kashi 42 cikin ɗari ne kawai na masu jego aka duba a cikin kwana biyun farko. A jihohin Arewa maso Yamma, inda Jihar Kaduna take, haihuwa 16 ce tak cikin ɗari aka yi a asibiti. Wadda ta haihu a ɗaki, in dai ba wani abu ya ɓaci ba, da wuya wani malamin asibiti ya sa ta a ido.

Abin mamaki kuma shi ne, matan nan suna zuwa asibiti. Duk wanda ya leƙa ɗakin shan magani ranar allurar rigakafi zai tarar da su jere a kan benci, kowace da goyonta, domin tsarin rigakafi na ƙasa ya ce a kawo jariri idan ya cika mako shida. Za a ɗora yaro a sikeli, a ɗiga masa maganin shan inna, a yi masa allura a cinya, a rubuta a kati. A wurare da dama a ƙasar nan, uwar da ta goyo shi takan tashi ta tafi ba tare da an auna jininta ba, ba a duba idonta an ga ko jini ya yi mata ƙaranci ba, ba a tambaye ta ko jinin biƙi ya ɗauke ba, ko ɗinkin da aka yi mata ya kama. Kati na yaro ne, layi ma na yaro ne. Ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta ce a gaban mata talatin fitsari yana zubo mata ba.

A nan wajibi ne a yi wa al'ada adalci. Kakanni sun riga likitoci sanin cewa kwana arba'in na bayan haihuwa lokaci ne na hattara, kuma ga shi mako shidan da likita ke ƙirgawa kwana 42 ne, bambancin kwana biyu kacal. A cikin wannan lokaci ne mahaifa ke komawa yadda take. Hausawa da Fulanin Jama'a, kamar 'yan uwansu na Zariya da Kano, suna da wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, da kunun kanwa, da ƙauri mai yaji, kana mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta. Gasa wa mai jego jiki da ruwan zafi kuwa ba na Hausawa kaɗai ba ne, abu ne da aka sani a gidaje da yawa na sauran ƙabilun yankin, inda uwa ko suruka ke zuwa ta zauna don kula da ita. Manufar duka ɗaya ce, a hutar da mace, a ciyar da ita.

Shekara da shekaru likitoci suna ɗora wa wannan al'ada laifin ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Kafin nan, a 1974, sun nuna cewa ciwon ya fi yawa a ƙasar Hausa, musamman kewayen Zariya da Malumfashi, inda aka fi tsananta wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Hujjarsu ita ce gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Daga nan ne kusan kowace lacca da ake yi wa mata wajen awo ta koma faɗa a kan kanwa.

Amma binciken baya-bayan nan ya sauya magana. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara bayanan mata 406 masu wannan ciwo daga asibitoci dabam-dabam na ƙasar nan, suka buga a 2020. Sun tarar har yanzu ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, amma ba su ga alaƙarsa da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka gani tare da shi su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini lokacin goyon ciki. Wani bincikensu a Kano ya kuma nuna ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jinin irin waɗannan mata. Wannan ba izini ba ne a ƙona mace da ruwan zafi, ko a ɗura wa mai hawan jini kanwa. Sai dai ya nuna cewa ko da an fasa dukan tukwanen wanka na ƙasar Hausa, matalauciyar da ba a auna jininta ba tana nan cikin haɗari, ko a Zariya take ko a Kagoro ko a Kwoi.

Illar da ke tattare da jegon gida ita ce yadda ake fassara alamun ciwo. Kumburin ƙafa da fuska a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta. Haki da tari cikin dare, har mace ta kasa kwanciya sai a zaune, a ce gajiyar haihuwa ce, alhali kuwa zuciya ce ke gazawa. Ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu, waɗanda ke zuwa kafin jijjiga, a nemo hayaƙi. Zazzaɓi da ɗoyin jini a ce ruwan nono ne ke kawowa. Kowanne daga cikin waɗannan, ungozomar da ta yi makaranta za ta gane shi cikin 'yan mintoci.

Yoyon fitsari ma haka ne. Dakta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya yi shekaru yana aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna cewa idan aka gano yoyon da wuri, tun raunin yana ɗanye, aka sa wa mace robar fitsari na 'yan makonni, waɗansu sukan warke ba tare da an yi musu tiyata ba. Wadda ta ɓoye har wata shida kuwa, sai dai a nufi asibitin Evangel na Jos ko na Gambo Sawaba a Zariya, watakila bayan miji ya riga ya juya mata baya.

Kudancin Kaduna yana da nasa matsaloli na musamman. Ƙasa ce ta noma, kuma mata su ne ƙashin bayan aikin, tun daga shuka da ciyawa har zuwa tonon citta da yankanta da shanya a ƙasashen Kachia da Jaba da Kagarko. A 2019 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙara hutun haihuwa na ma'aikatanta mata zuwa wata shida, abin a yaba ne, amma wadda ta haihu ana tsakiyar kaka a ƙauye ba ta da wanda zai sa mata hannu a takardar hutu. Ɗaukar kaya masu nauyi tun jiki bai koma ba yana daga cikin abubuwan da ke jawo zazzagowar mahaifa, ciwon da mata ke fama da shi a ɓoye har tsufa. Bugu da ƙari, cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023 ta bar magidanta da yawa hannu wofi, kuma a gidan da ake lissafin kuɗin babur, zuwa asibiti don a duba macen da ke tafiya da ƙafarta shi ne abu na farko da za a soke. Ga kuma rashin zaman lafiya. A ƙarshen 2016, da kuma a 2020, an sa dokar hana fita dare da rana a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf. Jinin da ya ɓalle wa mai jego da tsakar dare ba ya jiran a ɗage doka.

Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwa a watan Nuwamba na 2024, ta bakin Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. In shirin ya kankama, matan da za su koma ƙauye da ɗinki a ciki za su ƙaru, kuma kowace daga cikinsu tana bukatar wanda zai duba raunin a makon farko.

Kayan aikin gyara wannan al'amari suna nan a ƙasa. Jihar Kaduna tana da gundumomi 255, kuma manufarta ita ce kowace gunduma ta sami ƙaramin asibiti guda mai aiki. A Kafanchan akwai Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta jiha, a Kagoro akwai makarantar koyon aikin lafiya ta Ikilisiyar ECWA, a Zonkwa akwai asibitin St. Louis. Ranakun dubawa kuwa ba sai an koya wa kowa sababbi ba. Ranar suna, wadda Musulmi ke yi a cikar mako guda, gidajen Kirista da yawa ma suke taruwa a daidai wannan lokaci, ta faɗo cikin zuwa na uku da Hukumar Lafiya ta tsara. Arba'in kuma ta yi daidai da na huɗu, ta kuma yi daidai da allurar yaro. Matan Zumunta a majami'u da malaman Islamiyya mata sun riga kowace hukuma sanin gidan da aka haihu a unguwa, domin su ne 'yan barka na farko. Idan aka haɗa su da ma'aikaciyar lafiya ta gunduma, aka ba ta abin awon jini da ma'aunin zafi da kuɗin mai, za ta iya shiga ɗakin mai jego a kwana na uku da kuma ranar suna, ba tare da an karya al'adar kowa ba.

Ita kuwa sabuwar cibiyar ta Kafanchan, aikinta shi ne ta zama inda za a turo wadda aka gano zuciyarta ta kumbura ko jininta ya hau, ta tanadi jini a ajiye da na'urar hoton zuciya, kana ta riƙa horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Jama'a da Sanga da Kaura da Zangon Kataf. Wakilan yankin a majalisun jiha da na tarayya suna da damar neman Ma'aikatar Lafiya ta riƙa bayyana, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, yawan jariran da aka yi wa allurar mako shida, da kuma yawan iyayensu mata da aka auna a wannan rana.