FILIN MASU SANA'A: Kafin Ka Taɓa Fikafikan Fanka

Yau maganarmu a kan babbar fankar masana'anta ce, irin wadda ake yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, mai zuƙe hayaƙi a gidan burodi ko hura wuta a maƙera. Sau da yawa mutum kan sayi tsohuwa a hannun 'yan gwangwan a Aboabo, ya ga iskarta ta yi masa kaɗan, sai ya kai wa mai walda ya ce a ƙara mata fikafikai. To, a nan ne ake garin neman gira a rasa ido.

Abu na farko, lissafi. Idan ka canza fuli ka ƙara mata gudu da kashi 10 cikin ɗari, iska za ta ƙaru da kashi 10, amma ƙarfin da take nema daga injin zai ƙaru da kashi 33. Ƙara tsawon fikafikai kuwa ya fi haka cin wuta. Injin da ba a yi shi don wannan nauyi ba, kwayil ɗinsa zai ƙone.

Na biyu, daidaito. Fanka mai faɗin rabin mita da ke juyi 2,900 a minti, in gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi da giram 10 kacal, to tana fizgar boris da ƙarfin kusan kilo 23. Daga nan sai jijjiga, sai tsagewa, wata rana fiffike ya ɓalle ya sari mutum. Saboda haka bayan walda, a ɗora shaf ɗinta bisa ƙarafa biyu madaidaita. Gefen da ke gangarowa ƙasa shi ne mai nauyi, a rage shi har ta tsaya ko'ina aka bar ta.

Na uku, shi kansa ƙarfen. Sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke hana shi tsatsa. In aka like shi da sandar waldar baƙin ƙarfe, ko aka goge shi da dutsen da ya ci baƙin ƙarfe, wurin zai yi tsatsa. Zafi kuma na lanƙwasa shi, don haka a riƙa ɗiga walda kaɗan-kaɗan. Hayaƙinsa guba ne ga huhu, a yi aikin a sarari.

Ba mu da nisa da masana. Suame Magazine na nan cikin Kumasi, inda jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar ITTU a 1980 don taimakon masu sana'ar hannu. Kafin ka yanka ƙarfe, karanta farantin da ke jikin injin, ka auna wutar da yake ja, ka tambayi wanda ya fi ka sani. Kuɗin tambaya bai kai kuɗin sake naɗa kwayil ba.

Allah ya sa albarka a sana'armu. Sai wata mai zuwa.