Ƙaddara Ba Mafakar Sakaci Ba Ce: Darasi Daga Haɗurran Sinadarai A Masana'antu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk ranar da aka kawo gawar ma'aikaci daga masana'anta, aka ce wata iska ya shaƙa ko wani tanki ne ya fashe, magana ɗaya muke ji a zaman makoki: kwana ne ya ƙare. Wannan gaskiya ne, ajali ba ya gaba ba ya baya. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da maganar marufin bakin mai tambaya, har a tashi daga makoki ba wanda ya nemi sanin abin da aka zuba a kan me, ko wanda ya ba da umarnin zubawar.

Allah Ya halicci sinadarai kowanne da ɗabi'arsa, kamar yadda Ya sanya ƙuna a wuta. Akwai guda biyun da kowanne zai shekara a rumbunsa lami lafiya, amma da zarar sun haɗu sai su haifar da zafi mai fasa tanki ko iska mai kisa. Masana sun rubuta waɗannan ɗabi'u tun da daɗewa. Za mu kawo misalai uku daga Amurka da Indiya, inda aka bi diddigin abin da ya faru aka bayyana shi ga duniya.

A ranar 21 ga Oktoba, 2016, wata tanka ta kawo asid ɗin salfa, dangin wanda muke kira ruwan batir, zuwa masana'antar MGPI a garin Atchison na jihar Kansas. Direban ya ɗaura mesarsa a bakin bututun da ke kai wa ga tankin ruwan bilic, domin bakunan biyu sun yi kama da juna, tazarar da ke tsakaninsu inci 18 ce kawai, kuma babu alama bayyananna kusa da su. Kimanin galan 4,000 na asid suka kwarara cikin bilic, gajimaren iskar kulorin ya lulluɓe garin, mutum fiye da 140 suka nemi magani.

Kafin nan, a ranar 4 ga Yuni, 1999, wani direba ya kai sinadarin salfaid wata majema a garin Whitehall na jihar Mishigan cikin dare. Shugaban masu aikin dare ya zaci wani sinadari ne mai tsami da aka saba kawowa, bai duba abin da ke rubuce a takardar kayan ba, ya nuna wa direban inda zai juye. Haɗuwar biyun ta fitar da iskar haidirojin salfaid, direban ya mutu nan take a wurin.

Mafi muni shi ne abin da ya auku a birnin Bofal na Indiya a daren 2 zuwa 3 ga Disamba, 1984. Ruwa ya shiga tankin wani sinadarin haɗa maganin ƙwari a masana'antar Union Carbide, alhali sinadarin ba ya jituwa da ruwa. Tankin ya ɗau zafi, kimanin tan 40 na guba suka bazu a kan unguwannin talakawa suna barci. Na'urar sanyaya tankin a kashe take, hasumiyar ƙone iskar ba ta aiki. Gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, wasu ƙididdigar kuma sun ninka wannan adadi.

Mu lura da musabbabin: bututu mara suna, takardar da ba a karanta ba, na'urar da aka bari a kashe. Duka ayyukan hannun ɗan Adam ne, kuma Shari'a ba ta yi shiru a kan irinsu ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar da ta zo da su. A aya ta 92 ta Suratun Nisa'i an wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, alhali mamacin ajalinsa ne ya zo, mai kisan kuma bai yi niyya ba. Da ƙaddara tana ɗauke alhaki, da ba a shar'anta diyya ba. Malaman fiƙihu sun kuma tabbatar cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba har ya cutar da shi, lamuni yana kansa. Mai tara gangunan sinadarai bai san ɗabi'arsu ba, ina bambancinsa da wancan?

Mu tuna da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya samu labarin annoba a hanya. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya fahimtar da su cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi wani yanki ne na tawakkali.

Kada wani ya ɗauka wannan labarin nesa ne. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano sana'arsu ɗaya da majemar Mishigan. A irin wannan jima ana amfani da salfaid da farar ƙasa wajen tuge gashin fata, sannan a yi amfani da asid a mataki na gaba. Idan ruwan matakan biyu ya haɗu a kwata ɗaya ko rami ɗaya, iskar da ta kashe wancan direba ce za ta tashi. Tana da warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma idan ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya zaci ta wuce. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ramuka take kwanciya. Shi ya sa wanda ya faɗa ramin don ceton ɗan'uwansa yakan zama gawa ta biyu.

Nauyi na farko yana kan mai masana'anta. Amana ce a wuyansa ya raba ma'ajiyar sinadaran da ba sa jituwa, ya raba magudanansu, ya rubuta suna a kan kowane tanki da bututu da harshen da lebura ke karantawa, ko da ajami ne. Ya sa bakunan bututun su bambanta ta yadda mesar wani ba za ta shiga wani ba, kuma kada a sauke tanka sai mutum biyu sun duba takardarta. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora masa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Wanda ya gina masallaci a harabar kamfaninsa ya hana ma'aikata abin rufe hanci da horo, ya sake duba lissafinsa tun kafin a duba masa.

Ma'aikaci kuma kada kunya ko tsoron kora su hana shi tambaya. Mun san neman abinci da wuya, kuma mai ƙin umarni yana iya rasa aikinsa. Saboda haka ne muke kira ga hukumomin duba masana'antu su tsaya masa, kuma jami'in da ya karɓi na goro ya sa hannu a kan wurin da bai duba ba, ya sani yana da kaso a jinin da zai zuba.

Iyayenmu mata da ƙannenmu masu haɗa sabulun ruwa a gida, darasin ya shafe ku. Kada a gauraya bilic da maganin wanke masai mai asid, kulorin ɗin Kansas ne zai tashi a banɗaki. Soda mai ƙuna ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara mata ruwa. Kada a ajiye sinadari a gorar lemo inda yara ke kaiwa. Ɗalibanmu masu karatun kimiyya kuwa, ilimin nan farillar kifaya ne, ku koyar da shi a unguwanninku.

Mu ma masu hawa mumbari mu tuhumi kanmu. Mun yawaita huɗuba kan haƙuri da musiba, mun taƙaita kan haƙƙin ma'aikaci. Idan muka je ta'aziyya, mu ba iyalan haƙuri, sannan mu tambayi mai kamfani batun diyyar marayu da gyaran da ya yi don kada a sake.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu wajen neman halal, Ya tsare masu fita da safe su dawo ga iyalansu lafiya. Wallahu a'alam.