Hayaƙin Tsohuwar Mota

Haƙiƙa ya wajaba ga mai tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ya yi nazarin hayaƙin salansa kafin ya garzaya wurin bakanike, domin baƙin hayaƙi alama ce ta fetur ya rinjayi iska a kafireto, shuɗi kuwa hujja ce cewa baƙin mai na ƙonewa, alhali fari mai kauri, wanda ba ya gushewa bayan inji ya ɗumama, yana nuna ruwan lagireto ya kutsa inda bai halatta ba. Wani lokaci wanke fulogi da matatar iska a ƙofar gida kan wadatar ga na farkon. Amma na ƙarshen, ganganci ne jahili ya taɓa shi; a miƙa wa ma'abota sana'a.