Ra'ayinmu: Waya a Aljihu, Lamba a Takarda

Duk wanda ya daɗe a Sabha zai tuna zamanin da ake aika saƙo gida ta hannun direba. Mutum ya nemi mai rubutu a Gurda ko Mahadiyya, a rubuta masa wasiƙa da boko ko ajami. Wanda bai yarda wani ya ji sirrinsa ba kuma ya sayi kaset ya ɗauki muryarsa, a ƙulle a leda, mota ta bi ta Gatrun da Dirku zuwa Agadas, daga can a miƙa Tawa ko Damagaram. Saƙon kan yi makonni a hanya, amma mai aikawa ya riƙe sunan wanda zai karɓa a tasha da na wanda zai karanta wa tsohuwa, duk a kansa.

Yau saƙon murya na WhatsApp yana isa ƙauye kafin shayi ya huce, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma wa kaset. Abin da ya dame mu shi ne yadda jama'armu suka ɗora komai nasu a kan wayar salula. Ka tambayi matasa masu aikin gini ko gona a garin nan lambar mahaifiyarsu, akasari sai sun zaro waya kafin su amsa.

Sanin kowa ne cewa a wannan hanya waya ce abin da ake fara ƙwacewa. Idan ba a manta ba, a watan Afrilun 2017 hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton yadda ake tsare baƙin haure a Sabha, ana tilasta musu kiran gida don a turo kuɗin fansa. Wani zai ce ai haddace lamba taimaka wa masu garkuwa ne. Ina! Su wayar tana hannunsu, lambar sun riga sun samu. Wanda ya rasa ita shi ne bawan Allahn da aka sako, ko ya tsere da rigar jikinsa, ga mai ara masa waya amma bai san abin da zai danna ba, can gida kuma har an fara zaman makoki. Haka nan wanda ajali ya riska a asibiti, babu ko ƙyallen takarda a jikinsa da zai nuna garinsu.

Ko ba ƙwace, wutar lantarki a kudancin nan ba abin dogaro ba ce, musamman da zafi. A watan Maris na 2011 kuma gwamnatin Gaddafi ta rufe intanet a ƙasar, kowa ya koma ga rediyonsa mai batir.

Sai maganar kuɗi. Ana zuba adashi, ana ba ɗan kasuwa dinari don a biya iyali sefa ko naira a gida, shaidar duka saƙon murya ce. Waya ta ɓata, rigima ta tashi tsakanin 'yan gari ɗaya. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

Don haka muna kira ga kowa ya tanadi ɗan littafi, ya rubuta sunansa, garinsu da lambobin mutum uku, ya ajiye shi dabam da inda waya take, sa'annan ya haddace ko da guda ɗaya. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami. Shugabannin al'umma su ma su buɗe littafin baƙi, amma a damƙa shi ga liman ko dattijon da aka yarda da shi, domin irin wannan littafi in ya faɗa hannun dillalan mutane, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Uwar adashi kuwa ta riƙa rubuta kowane zubi a gaban shaidu biyu, mai zubi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.